Harsashin fistol a bindigar kafaɗa: Abin da ake dubawa kafin a zaɓi girmansa

Duk mai bibiyar sanarwar ’yan sanda ya saba jin lambobin da ake liƙa wa harsasai: an kama kaza na milimita 7.62, an kama kaza na milimita 9. Na farkon abincin AK-47 ne da ’yan uwanta na fagen daga. Na biyun kuwa an ƙirƙiro shi ne domin fistol, ƙaramar bindigar da ake ratayawa a ƙugu. Sai dai akwai wani rukunin bindigogi da ya faɗo tsakanin biyun, wato masu ƙota da dogon bututu, waɗanda ake dafawa a kafaɗa kamar raifil, amma cimarsu harsashin fistol ne. A Amurka, inda doka ta bai wa farar hula damar mallakarsu, kasuwarsu ta bunƙasa a shekarun nan, kuma muhawarar da ta fi zafi a kansu ita ce ta girman harsashin da ya dace a zaɓa.

A Najeriya wannan ba batun shiga kanti ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta jera fistol da libarba da bindigogin soja masu cin harsashin milimita 7.62 da milimita 9 cikin makaman da aka haramta, waɗanda ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Amma hukumomin tsaro a ko’ina cikin duniya suna fuskantar wannan zaɓi duk lokacin da za su kashe kuɗin jama’a wajen sayen makamai, kuma akwai lokutan da kuskure a cikinsa ya ci rayukan jami’ai.

Lambobin da kansu ba su da wuyar ganewa. Idan aka rubuta 9x19, ana nufin faɗin harsashin milimita 9 ne, tsawon kwanson da ke ɗauke da albarushi kuma milimita 19. Amurkawa sun fi auna nasu da inci, don haka .45 na nufin kashi 45 cikin ɗari na inci guda, kimanin milimita 11 da ɗoriya. Lambar farko ce ta fi jan ido, amma a bindigar kafaɗa ta biyun ce ta fi yin magana, domin ita ke nuna yawan albarushin da harsashin ya taho da shi.

Dabarar kaboyi

Tunanin haɗa bindiga biyu a kan harsashi ɗaya ya girmi duk wanda ke raye. A 1873 kamfanin Winchester ya fitar da bindigarsa mai hannun ɗanawa a ƙasa, irin wadda ake gani a finafinan kaboyi, da harsashin .44-40. Kafin shekarun 1870 su ƙare kamfanin Colt ya fara ƙera libarba mai cin wannan harsashi. Ga makiyayin da ke kwana a daji, tafiyar kwanaki tsakaninsa da kanti mafi kusa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne: ɗamara ɗaya ta harsasai ta wadatar da ta ƙugu da ta kafaɗa, kuma babu fargabar cusa wa wata abincin wata cikin duhu ko cikin firgici.

Sojoji sun ɗauki dabarar a ƙarni na 20, suka mayar da ita mai aman wuta. Thompson ta Amurka tana cin .45, Sten ta Ingila ta 1941 da Uzi ta Isra’ila suna cin milimita 9, haka ma MP5 ta Jamus, wadda duniya ta gani a hannun dakarun Birtaniya lokacin da suka kutsa ofishin jakadancin Iran da ke Landan a watan Mayun 1980. Irin da ake sayar wa farar hula a Amurka a yau ba mai aman wuta ba ce, kowane jan kunama harsashi ɗaya ne. Dokar tarayya kuma ta ware duk bindigar kafaɗa mai bututu ƙasa da inci 16 a matsayin wadda sai an yi mata rajista ta musamman, shi ya sa akasarinsu suke zuwa da inci 16 cif, kimanin santimita 40, alhali bututun fistol bai cika wuce santimita 10 zuwa 12 ba.

A kan wannan ƙarin tsawo ne duk lissafin ya rataya.

Abin da dogon bututu ke ƙarawa

Harsashi yana samun gudu ne daga iskar da albarushi ke haifarwa idan ya ƙone, wadda ke tura shi muddin yana cikin bututu. Albarushin harsashin fistol kaɗan ne, kuma an zaɓo mai saurin ƙonewa domin ya gama aikinsa cikin ɗan gajeren bututu. Idan aka ba shi santimita 40, yakan ƙone tun a farkon tafiya, sauran tsawon kuma ƙarin da yake bayarwa ba ya da yawa. Harsashin milimita 9 mai nauyin giram 7.5 yana fita daga fistol da gudun kimanin mita 350 a daƙiƙa guda. A bindigar kafaɗa yakan kai wajen mita 400. Ƙari ne na gaske, amma harsashin AK-47 yana fita da sama da mita 700, na 5.56 da sojojin Amurka ke riƙewa kuma ya haura 900. Tazarar ba ta kamuwa da tsawon bututu.

Na .45 ya fi kowa rowa a nan. Browning ne ya tsara shi a farkon ƙarni na 20, sojojin Amurka suka karɓe shi a 1911 suka riƙe har 1985. Ƙato ne, nauyinsa ya kusa giram 15, amma tafiyarsa ta ƙasaita ce, kimanin mita 255 a daƙiƙa, kuma albarushinsa ba ya da matsi mai yawa. Dogon bututu ba ya ƙara masa abin a zo a gani. Mai sayen bindigar kafaɗa ta .45 da zaton zai ninka ƙarfin fistol ɗinsa ya sayi nauyi ne kawai ya ɗora wa kansa.

Inda labari ya sha bamban shi ne a harsasan libarba da ake kira magnum. Na .357, wanda ya fito a 1935, faɗinsa kusan ɗaya ne da na milimita 9, amma kwansonsa ya kai milimita 33, cike da albarushi mai jinkirin ƙonewa. A libarba mai gajeren bututu wani kaso na albarushin a waje yake ƙonewa, ya zama walƙiya da ƙara marasa amfani. A bindigar kafaɗa kuwa yakan samu filin ƙonewa duka. Harsashin giram 10 da ke fita daga libarba da gudun mita 370 zuwa 380 yakan haura mita 500 a dogon bututu. Da yake ƙarfin duka yana hauhawa ne da ninkin gudu a kan kansa, wannan ƙarin yana kusan ninka ƙarfin harsashin. Haka abin yake ga .44 magnum na tsakiyar shekarun 1950. Waɗannan biyun za a iya cewa dogon bututu ya sauya musu matsayi, daga makamin kare kai zuwa abin da ke kayar da barewa a tazarar mita 100.

To me ya sa mutane ke sayen ta milimita 9, tunda ƙarin ƙarfin bai taka kara ya karya ba? Amsar tana jikin mai harbi ne. Fistol hannu biyu kawai ke riƙe ta, a miƙe cikin iska, kuma ɗan karkacewar da ido ba ya gani a wajen jan kunama yakan zama kuskuren taku guda a mita 25. Bindigar kafaɗa tana da madafa huɗu: hannaye biyu, kafaɗa da kunci. Wanda ya yi mako guda yana koyo da ita yakan sami abin da ya saita a mita 50, abin da zai ɗauke shi watanni da fistol. Ga hukumar da ke da dubban jami’ai da ɗan kasafin horarwa, wannan ya fi duk wani lissafin gudu muhimmanci.

Darasin Miami

Gardamar faɗin harsashi ta samo zafinta ne daga wata safiya a kusa da birnin Miami, ranar 11 ga Afrilun 1986. Jami’an hukumar FBI takwas sun tare wasu ’yan fashin banki biyu. Tun a farkon artabun harsashin milimita 9 ya sami ɗaya daga cikin ’yan fashin, ya ratsa hannunsa ya shiga ƙirji, ya tsaya dab da zuciya. Raunin na ajali ne, amma bai kayar da shi nan take ba. Ya ci gaba da harbi da raifil, kuma kafin ƙura ta lafa jami’ai biyu sun mutu, biyar sun jikkata, ’yan fashin biyu ma sun mutu.

Hukumar ta ɗora wani ɓangare na laifin a kan harsashin, ta koma na milimita 10, wanda ya fito kasuwa a 1983. Sai aka tarar naushinsa ya fi ƙarfin jami’ai da dama, aka rage masa albarushi. Da kamfanoni suka ga kwanson ya zama da sauran fili, sai suka gajarta shi, aka haifi .40 S&W a 1990. Ya mamaye rundunonin ’yan sandan Amurka na kusan shekara ashirin. Daga baya FBI ɗin da kanta ta sake nazari, ta ce ƙirar harsasai ta ci gaba har bambancin raunin da milimita 9 da .40 da .45 ke yi ya zama ƙanƙani, alhali jami’anta sun fi samun abin da suka saita da milimita 9, kuma gidan harsasansa ya fi ɗauka da yawa. A 2016 ta bai wa kamfanin Glock kwangilar sabbin fistol masu cin milimita 9. An yi zagayen shekara talatin an dawo inda aka tashi.

Wannan ya bar .40 a wani hali mai kama da na hajar da yayinta ya wuce. Aikinsa bai ragu ba, amma sabbin bindigogin kafaɗa masu cin sa suna ta raguwa a kasuwa. Na milimita 10 kuwa ya sami sabuwar rayuwa, domin kwansonsa mai milimita 25 yana da albarushin da zai ci moriyar dogon bututu fiye da na milimita 9, kuma mazauna yankunan da ake karo da manyan namun daji suna son sa. Kuɗinsa ne matsalar, da kuma abin da yake buƙata daga jikin bindigar.

Nan akwai abin da masu saye da yawa ba sa sani sai sun harba. Mafi yawan waɗannan bindigogi, musamman masu araha, ba su da makullin da ke riƙe sakatar da ke bayan harsashi. Nauyin sakatar da ƙarfin sifirin ne kaɗai ke tare ta har harsashi ya fita, sannan matsin ya turo ta baya ta tofar da kwanso ta ɗauko wani. Tsari ne mai sauƙi da arha, wanda Sten da Uzi suka yi aiki da shi. Amma ko ga milimita 9, ƙarfen da ke kai da komo a ciki yakan haura rabin kilo, kuma duk harbi sai ya daki baya ya dawo ya daki gaba. Shi ya sa wasu ke mamakin jin bindigar harsashin fistol tana girgiza kafaɗa fiye da raifil mai cin 5.56. Idan aka hau zuwa .45 ko milimita 10, dole sakatar ta ƙara nauyi, ko kuma a koma tsarin da ke jinkirta buɗewarta, irin na MP5 mai ’yan ƙananan gargare biyu. Wannan tsari yana da laushi a kafaɗa, amma farashinsa na iya ninka na mai sauƙin. Ashe zaɓen harsashi zaɓen nauyin bindiga ne da kuɗinta tun kafin a sayi ko kwali ɗaya.

Lissafin ɗan kasuwa

Duk wanda ya taɓa sayen injin da kayan gyaransa ba sa samuwa a gari zai fahimci dalilin da ya sa milimita 9 ya yi wa sauran fintinkau. Georg Luger ne ya tsara shi a Jamus a farkon shekarun 1900, kuma a yau shi ne harsashin fistol na ƙungiyar tsaro ta NATO da na ’yan sandan ƙasashe masu yawa. Masana’antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 ma tana cikin masu ƙera shi. Abin da ake ƙerawa da yawa shi ke yin arha, kuma wanda harsashinsa ke da arha shi ke yawan atisaye. A ƙarshe yawan atisayen ne ke raba mai samu da mai kuskure, fiye da milimita ɗaya ko biyu na faɗi. Farin jinin yana da nasa haraji: a 2020, da annobar korona ta sa Amurkawa rububin sayen makamai, milimita 9 na cikin waɗanda suka fara ɓacewa daga kantuna, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo.

Sai batun gidan harsasai, wanda shi ne dabarar kaboyi a sabuwar riga. Kamfanoni da dama suna ƙera bindigar kafaɗarsu yadda za ta karɓi gidan harsasan fistol ɗin Glock, saboda yawansa a hannun jama’a da ’yan sanda. Ruger, a samfurin da ya fitar a ƙarshen 2017, ya sa wani ɓangare da ake cirewa a sauya domin bindigar ta karɓi nasa ko na Glock. Ga jami’in da ke da fistol a ƙugu, wannan na nufin abin da ke ɗamararsa zai shiga ta kafaɗar ba tare da tunani ba. Saboda haka shawarar da masana suka fi bayarwa gajeriya ce: wanda ya riga ya mallaki fistol ya bi harsashinta, sai in yana da ƙwaƙƙwaran dalilin saɓawa.

Masu gasar harbi ba su da wata gardama. Tun da ƙungiyar USPSA ta buɗe wa waɗannan bindigogi rukuni a 2016, kusan kowa milimita 9 yake riƙewa, domin ana neman sauri ne da arha, kuma faifan ƙarfen da ake harbi bai san faɗin abin da ya same shi ba. Filayen atisaye na cikin gini da dama da ke hana raifil suna barin su.

Maharba kuwa suna can ɗaya gefen. Wasu jihohin Amurka masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gidaje kusa da gonaki sun daɗe suna hana farautar barewa da raifil mai dogon zango. Jihar Ohio ta sassauta a 2014, ta halatta raifil masu cin harsashi mai miƙaƙƙen kwanso, rukunin da .357 da .44 magnum ke ciki, saboda ba sa tafiya nesa kamar na soja. Wannan ya farfaɗo da tsohuwar bindigar kaboyi. Mai .357 yana da wata garaɓasa: bindigarsa tana cin .38 Special, wanda ya fi arha da laushi, don atisaye. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi. A irin wannan bindiga harsasai suna jere ne cikin wani bututu, kan kowane yana tokare da gindin na gabansa, don haka masu faffaɗan kai ake sa mata. Mai tsini zai iya tayar da na gabansa a cikin bututun. Harbin barewa da milimita 9 kuwa, ko inda doka ba ta hana ba, maharban kirki suna ƙyamarsa, domin sau da yawa dabbar takan gudu da rauni ta je ta mutu a inda ba za a same ta ba.

Wuri ɗaya da .45 ya riƙe kambunsa shi ne wajen masu amfani da na’urar rage ƙara. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma duk harsashin da ya wuce wannan gudu yana yin wata tsawa tasa a cikin iska wadda babu na’urar da ke kashe ta. Jinkirin .45 ya sa yana ƙasa da wannan iyaka ko a dogon bututu. Amma ko a nan milimita 9 ya biyo shi da samfurinsa mai nauyin giram 9.5, wanda aka yi domin wannan aiki.

Mai ajiye irin wannan bindiga domin tsaron gida yana da wani abin dubawa da tallace-tallace ba su cika ambata ba. Ana zaton harsashin fistol ya fi na raifil aminci a cikin gida, alhali gidajen Amurka na katako ne da allunan farar ƙasa, kuma harsashin milimita 9 ko .45 da ya kuskure yana iya ratsa bango da yawa ya isa ɗakin yara ko gidan maƙwabci. Harsashi mai ramin kai, wanda aka tsara ya buɗe ya tsaya a jikin abin da ya sama, an auna shi ne da gudun fistol. A dogon bututu wani yakan buɗe da wuri ya farfashe, ya kasa shiga yadda ake bukata. Shi ya sa hukumomin da suka san aikinsu suke gwada harsashin a ainihin bindigar da za a raba wa jami’ai, ba su tsaya ga abin da aka rubuta a kwali ba.

Akwai kuma iyakar da duk waɗannan lambobi ba sa tsallakewa. Ranar 28 ga Fabrairun 1997 wasu ’yan fashi biyu sanye da rigunan sulke suka fito daga wani banki a unguwar North Hollywood ta birnin Los Angeles, suka yi kusan minti 44 suna musayar wuta da ’yan sanda. Harsasan fistol na jami’an sun sha samunsu ba tare da sun ratsa ba, har sai da wasu jami’ai suka je wani kantin makamai da ke kusa suka aro raifil. Rigar sulke mai laushi an yi ta ne domin ta tare harsashin fistol, kuma ƙarin mita hamsin a daƙiƙa ba ya sauya hakan. Bayan wannan rana rundunonin ’yan sandan Amurka da yawa suka fara sa raifil mai cin 5.56 a motocin sintiri, rukunonin kai ɗauki kuma suka riƙa ajiye MP5 suna ɗaukar gajerun raifil.

Kamfanin FN na Beljiyam ya nemi toshe wannan giɓi tun a 1990 da harsashin 5.7x28, siriri mai nauyin giram 2 kacal da ke fita daga bindigar P90 da gudun sama da mita 700, hamsin a gida ɗaya, kusan babu naushi a kafaɗa. Samfurinsa na soja yana huda sulke mai laushi, amma a Amurka sojoji da ’yan sanda kaɗai ake sayar wa wannan. Wanda ke kantin farar hula ba shi da wannan ƙarfi, ga shi ya fi milimita 9 tsada, kuma ba kowane kanti ke ajiye shi ba. NATO ta shigar da shi cikin harsasanta na bai ɗaya a 2021, shekara talatin da ɗaya bayan fitowarsa.